Murtsunguwa A Bayan Ɗaki: Tanadin Uwargida Don Watannin Bazara

Idan kina cikin matan da ke ɗan taɓa kiwo a cikin gida, ko akuya biyu ce, ko tunkiya ɗaya da ragon layya, to ba sai an gaya miki yadda watannin Maris da Afrilu suke ba. Harawar da aka ɗora kan rumfa tun kaka ta ƙare, dusa ta yi tsada, dabba tana kuka tun asuba har haƙarƙarinta ya fito, ke kuma abin da ke hannunki na cefane ne. A irin wannan lokaci ne mata da yawa ke rabuwa da dabbobinsu a farashin da bai taka kara ya karya ba, alhali kuwa wannan 'yar akuyar ita ce asusun kayan ɗakin ɗiya, ita ce kuɗin makarantar yaro, ita ce kuɗin asibiti in ta ɓaci.

Wanda bai san ƙasar Yauri ba zai ce ai mutanen Warra da sauran garuruwan Ngaski da Shanga ba su da wannan damuwa, tunda ga tafkin Kainji a bakin ƙofa. To, ruwa dai akwai shi. Amma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsofaffin gungu da fadamu, aka tashi mutane sama da 40,000 aka mayar da su kan tudu, kuma da yawan wuraren da aka zauna ƙasa ce mai tsakuwa da marmara, wadda da an ɗauke ruwan sama sai ta bushe ƙamas. Bakin tafkin kuwa, da ruwa ya fara ja da rani manoma ke bin sa da shuka, ga kuma garken Fulani da ke gangarowa neman ciyawar burgu. Matar da ke cikin gida sai dai ta aiki yaro da lauje, ya dawo da abin da ya samu.

Wannan ya sa a wannan wata muka ɗauko miki zancen wata shuka da ke son irin wannan ƙasa mai tsakuwa da kowa ke rainawa, wadda kuma take tsaye kore shar a lokacin da komai ya bushe. Ita ce murtsunguwa mai faffaɗan kunne.

Wace ce ita, kuma wace ce ba ita ba?

Mu fara da wannan, domin a nan ne kuskure ke iya zama haɗari. A ƙasar Hausa muna da tsirrai masu kauri da ƙaya irin su tinya da ƙerana, waɗanda mutane ke haɗa su duka a kira su da suna ɗaya. Ba su muke nufi ba. Su waɗannan idan kika karya su farin ruwa ne kamar nono zai fito, kuma dafi ne: yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya lalata shi. Ba a ci, ba a ba dabba. Murtsunguwar da muke magana a kai ba ta da farin nono ko kaɗan. Kunnuwanta faffaɗa ne kamar tafin hannu ko faifai, ɗaya na fitowa a kan ɗaya, kuma in kika yanka ruwa ne garau mai yauƙi kamar na kuɓewa. Duk abin da aka kawo miki da sunan iri, fara yankawa ki gani. In ya zubo fari, ki mayar wa mai shi, ki wanke wuƙar da sabulu.

Asalinta daga ƙasar Meksiko ne, inda suke kiranta nopal, har hotonta ke jikin tutar ƙasar. Turawan Sifen ne suka ɗauko ta a ƙarni na 16, daga nan ta bazu Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa. Hajiyoyinmu da suka taɓa zuwa Ɗa'ifa wataƙila sun ga ana sayar da 'ya'yanta a bakin hanya da sunan barshumi. A Masar tin shauki ake ce musu, wato ɓaure mai ƙaya, ana tura su a kura mai sayarwa na fere wa mutane nan take. A yankin Tigray na Habasha sunanta beles, kuma talakawa da ita suke rage yunwar damina kafin amfanin gona ya nuna.

Sirrin juriyarta shi ne, yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin jikinsu su shaƙi iska, rana kuma ta tsotse musu ruwa. Ita kuwa sai ta rufe nata da rana, ta buɗe da dare in gari ya yi sanyi. Shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na kunnenta ruwa ne. A 2017 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta bayyana cewa hekta ɗaya ta wannan shuka na iya riƙe ruwa har tan 180 a jikinta. A arewa maso gabashin Burazil, inda fari ke yawan addabarsu, dubban ɗaruruwan hekta aka shuka domin shanu da awaki kawai.

Iri biyu za ki iya cin karo da su. Akwai mai dogayen ƙayoyi rawaya da ƙananan 'ya'ya masu launin shunayya, ita aka fi gani a bakin shinge da wuraren masu sayar da furanni. Akwai kuma mai manyan kunnuwa wadda kusan ba ta da doguwar ƙaya. A ganinmu ta biyun ce kawai ta cancanci shiga gidan da ke da yara, ko da za ki jira a samo miki ita daga nesa. Dalilin zai zo a gaba.

Yadda ake dasawa

Ba kya buƙatar ƙwayar iri, kunne guda ya isa ya zama uwa. Ki zaɓi kunne mai kauri, lafiyayye, wanda ya kai shekara ɗaya zuwa biyu, ba sabon tsiro mai taushi ba. A yanke shi da wuƙa mai kaifi daidai gaɓar da ya haɗu da na ƙasansa.

Daga nan sai haƙuri. Kada ki dasa shi ranar da aka yanko. Ki jingina shi a inuwa inda iska ke shiga, kwana goma zuwa mako biyu, har bakin yankan ya bushe ya yi tauri kamar ɓawon miki. Wanda aka binne da ɗanyen rauni ruɓewa yake yi, kuma wannan shi ne abin da ya fi kashe wa masu farawa gwiwa. Kada ki ji tsoron zai mutu don yana ajiye, guzurinsa na jikinsa.

Wurin dasawa shi ne babban zance a wannan yanki namu. Ƙasar Yauri tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba. Ga murtsunguwa wannan ruwa ne mai yawa. Ita fari ba ya kashe ta da wuri, kwanciyar ruwa ce ajalinta. Saboda haka kada ki kai ta fadama, ko bakin tafki inda ruwa ke dawowa, ko kusa da rariyar gida, ko ƙarƙashin indararo. Nemo mata wurin da ya fi tudu a gidan, inda in an yi ruwan marka da safe, kafin azahar ƙasa ta tsane. In ƙasarki laka ce, a ɗaga kunya mai tsayi kamar ta dankali, a cuɗa ƙasar da rairayi da tsakuwa. In kuwa gidan haya kike, ko an dabe tsakar gidan da siminti, tsohon bokiti ko fasasshen tulu ya wadatar, muddin an huda gindinsa sosai an zuba tsakuwa a ƙasa.

Ki tsayar da kunnen, bakin yankan a ƙasa, ki binne kashi ɗaya cikin uku zuwa rabinsa, ki danne ƙasar da kyau don kada iska ta kayar da shi. Fuska ɗaya ta kalli gabas ɗaya yamma, yadda kowane ɓangare zai sami rana. Tsakanin wannan da wancan ki bar taku ɗaya in don kiwo ne, layi da layi kuma taku biyu don ki sami hanyar wucewa ba tare da zane ya kama ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani dab da faɗuwar damina, yadda zai yi saiwa da yayyafin farko kafin ruwan Agusta, ko kuma bayan ɗaukewar ruwa a ƙarshen Oktoba sa'ad da ƙasa ke da sauran laima. Kada ki dasa a tsakiyar marka. Bayan dasawa kuma, ki ɗaure zuciya ki hana shi ruwa mako biyu zuwa uku. Mun san wannan yana da wuya ga macen da ta saba shayar da zogale da lalle kullum yamma, amma a nan tausayi cutarwa ne.

Kulawa

Mutane na cewa wannan shuka ba ta buƙatar komai. Gaskiya ba za ta mutu ba in an yi watsi da ita, sai dai ba za ta ba ki abin kirki ba. Taki take so ƙwarai, kuma kina da shi a garkenki: kashin awaki da na tumaki wanda ya ruɓe ya yi sanyi, a barbaɗa kewaye da ita sau ɗaya ko biyu a shekara, kada ya taɓa jikinta. Saiwoyinta ba sa nitsewa, a saman ƙasa suke bazuwa, don haka ciyawar gindinta da hannu ake cirewa ko a kankare sama-sama, kada yaro ya sa fartanya da ƙarfi.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa miki tun yanzu. Ƙasashen da take yin 'ya'ya masu yawa, irin su Ɗa'ifa da Tigray da tsakiyar Meksiko, wurare ne masu tsaunuka da sanyin dare. Mu kuwa a bazara zafi kan kai maki 40 a ma'auni, dare ma ba sauƙi, ga busasshiyar iskar hunturu kafin nan. Irin wannan yanayi yana rage mata girma da fure. Saboda haka ki ɗauke ta a matsayin abincin dabba da ganyen miya tukuna. In 'ya'ya sun zo daga shekara ta uku, riba ce. A shekarar farko yana da kyau ta sami 'yar inuwar katanga da la'asar, kuma in kika ga kunnuwan sun motse sun yi laushi a Maris ko Afrilu, ki ba ta ruwa sosai sau ɗaya a mako biyu. Ba ta son ruwa mai gishiri, don haka ba wurin zubar da ruwan wanke-wanke ba ce.

Abin dariya shi ne, wadda ba ta da ƙaya ita kanta sai an yi mata shinge. Akuya in ta ɗanɗana ba za ta bar ko gindi ba. Ki kewaye ta da darni ko zana har ta kafu.

Cututtukanta biyu ne manya. Na farko ruɓa: wuri ya yi baƙi ya yi laushi yana wari. Yanke kunnen gaba ɗaya tun daga gaɓa, ki rage ruwa. Na biyu wani ƙwaro ne da ke lafewa a jikinta ya lulluɓe kansa da fari kamar auduga, in kika murje sai ki ga ja kamar jini. Kada ki raina shi. A 2014 ya ɓulla a Maroko, cikin 'yan shekaru ya halaka gonaki masu ɗimbin yawa, har ya taɓa sana'ar ƙungiyoyin mata da ke tatsar man kwalliya mai tsada daga ƙwayoyin 'ya'yan. Da kin ga fari ya fara, ki goge da tsohon buroshi da ruwan sabulu. Kunnen da ya kamu sosai a yanke a ƙone. Kuma duk irin da aka kawo miki daga wani wuri ki dudduba shi kafin ya shigo gida.

Ciyar da dabbobi

Ki bar ta ta shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin yankan farko. In za ki yanka, ki bar uwar da kunnuwan da suka fito a jikinta, ki ɗebi na sama. A yayyanka ƙanana yadda dabba za ta tauna ba tare da ta shaƙe ba. In mai ƙaya ce tilas a babbaka kowane kunne a wuta har ƙayar ta ƙone, in ba haka ba za ta ji wa dabba ciwo a baki da ido da ciki.

Kada ki taɓa ba su ita kaɗai. Tana da ruwa da ƙarfin kuzari, amma sinadarin gina jiki kaɗan ne a cikinta, kuma in ta yi yawa zawo take sawa. Ki fara ba su busasshe, kara ko harawa ko ƙowar wake, sannan murtsunguwar ta biyo baya, a haɗa da ɗan abin gina jiki kamar angurya, ko 'ya'yan gawo, ko ganyen zogale. Ki fara da ɗan kaɗan kina ƙarawa cikin mako guda har cikinsu ya saba, kuma kada ta wuce rabin abincinsu. Amfaninta shi ne, harawar da za ta ƙare a Fabrairu sai ta kai ki faɗuwar damina, dabbar kuma shan ruwanta ya ragu ƙwarai, abin da duk mai sayen ruwa a jarka za ta gane darajarsa. Kunnuwan da aka yanke suna yin makonni a inuwa ba su lalace ba, don haka ba sai kullum an yanko ba.

A tukunya

A Meksiko kayan miya ce kamar yadda kuɓewa take a wurinmu. Sabon kunne ake ɗauka, mai taushi, wanda bai wuce tafin hannunki ba. Ki tsinka da rana ta ɗaga, domin na sassafe ya fi tsami. Ki kankare duk idanun da ke jikinsa da wuƙa, ki yanke gefen, ki wanke, ki yayyanka. Tafasa shi da gishiri da albasa minti goma zuwa sha biyar, ki tsane ki ɗauraye, yauƙin zai tafi. Daga nan sai ki soya da ƙwai da tumatir da attaruhu da albasar nan ta Yauri, ko ki zuba a kwaɗo. In kuwa maigida mai son miyar yauƙi ne, kada ki zubar da ruwan, ki haɗa da bandar kifi da daddawa. Yana da ɗan tsami-tsami, amma bai kai yakuwa ba.

Binciken da likitoci suka yi a Meksiko ya nuna cin sa tare da abinci na rage hauhawar sukari a jini bayan cin abincin. Wannan ba ya nufin magani ne. Mai ciwon sukari kada ta ajiye ƙwayoyinta saboda shi, kuma ta gaya wa likitanta in za ta riƙa ci a kai a kai, don kada sukarin ya faɗi da yawa. 'Ya'yan kuma suna da zaƙi da sanyaya rai, sai dai cike suke da ƙwayoyi masu tauri. Yaro in ya cinye da yawa lokaci guda bayan gida na iya gagararsa, har ta kai ga asibiti. Biyu ko uku sun ishe shi, ya bi da ruwa.

Ƙaiƙayin da ba a gani

Ko wadda ake cewa ba ta da ƙaya tana da wasu ƙananan gashi a idanunta, musamman a jikin 'ya'yan, masu kama da ƙaiƙayin gero amma sun fi shi mugunta, domin in sun shiga fata maƙalewa suke yi. Kada ki kama da hannu tsirara. Ki yi amfani da awartaki, ko kwali a naɗe, ko safar roba mai kauri. 'Ya'yan da sassafe ake tsinka lokacin da raɓa ta kwantar da gashin, ki tsaya ta inda iska ke fitowa, sannan ki murza su cikin rairayi ko ki share da tsintsiya, ki wanke. Wajen ferewa, yanke kai da gindi, tsaga ɓawon a tsaye, ki buɗe shi ki ɗauke cikin.

In ya sami yaro a hannu, hana shi susa. Cire manyan da hantsaki, sauran ki manna salatif ki fizge. In a ido ne, kada a murza, kada a hura, kada a sa harshe kamar yadda iyayenmu ke yi wa tsakuwa. A rufe idon da tsumma mai tsabta a tafi asibiti nan take. Don haka wurin dasa ta ya yi nesa da inda yara ke wasa da inda ake shanya tufafi, kuma ki riƙa share gindinta don kada ya zama maɓoyar kunama da maciji.

Kada ta kuɓuce miki

Mutanen bakin Kainji ba sa buƙatar dogon bayani kan baƙuwar shuka da ta fi ƙarfin masu gida. Irin kainuwar nan mai furen shunayya da ta mamaye tafkin tun ƙarshen shekarun 1980, tana tare jiragen ruwa tana lalata komar masunta, asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma don ado aka fara yawo da ita a duniya. Murtsunguwa mai ƙaya ta taɓa yin irin wannan a kan tudu. A Ostireliya an kai ta don shinge da ado, amma zuwa shekarun 1920 ta cinye hekta kusan miliyan 24, manoma suka bar gonakinsu, sai da aka ɗauko wani malam-buɗe-littafi daga Ajantina wanda tsutsarsa ke cin ta sannan aka samu kanta. A Laikipiya ta ƙasar Kenya makiyaya sun daɗe suna kuka da mai ƙananan 'ya'yan nan masu launin shunayya, wadda ke toshe makiyaya tana makantar da awaki. Tsuntsaye da dabbobi ne ke cin 'ya'yan su watsa ƙwayoyin a daji. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ce ki nemi marar ƙaya: ita in ta fita waje dabbobi za su cinye ta kafin ta yi nisa.

Kowane ɓallin kunne da ya faɗi ƙasa zai iya yin saiwa. Saboda haka abin da kika sassabe kada ya tafi juji, kada a watsa shi bayan katanga, balle a jefa a rafi ko tafki, inda ambaliya irin ta 2020 za ta kwashe shi ta dasa a gonar wani. Abin da dabba ba ta ci ba, ki yayyanka shi ƙanana ki shanya a kan kwano ko dutse har ya bushe, sannan ki sa a murhu. Ki kuma riƙa rage mata tsawo duk shekara, kada ta wuce kafaɗarki, yadda hannunki zai kai ko'ina a jikinta.

Ga mai akuya biyu ko uku, kunne goma zuwa ashirin sun isa farawa a gindin katanga ɗaya. In sun kafu, yankan farko da za ki yi shi zai ba ki irin da za ki ƙara layi na biyu, har ki ɗebar wa maƙwabciya, tare da gaya mata ta bar shi ya bushe a inuwa kafin ta binne.